Tashoshin Kawu Peniasi

Kawu Peniasi ya daɗe yana jan bas tsakanin garin Nausori da ƙauyuka, kafin ciwon baya ya zaunar da shi a shagonmu na buga riguna. Direba ne da ba ya wuce ƙofar kowa sai ya tsaya an gaisa. Da wannan halin ya zo gaban kwamfuta.

Aikinsa bin layin zane yana sa ɗigo-ɗigo don injin yanka ya samu hanya. Na faɗa har bakina ya gaji: ɗigo biyu sun ishi lanƙwasa ɗaya. Ina! Jiya aka kawo hoton kunkurun teku na rigunan taron dangi, ya jera masa ɗigo kamar tururuwa. Inji ya dinga tafiya yana tuntuɓe, gadon bayan kunkurun ya fito kamar bakin zarto.

"Haba Kawu! Wannan kuma mene ne?"

"A hankali nake bi, ɗiyata."

Na goge tarkacen, na bar ɗigo huɗu, layi ya kwanta sumul. Ya leƙo ya girgiza kai.

"Ya yi kyau kam. Amma kin wuce kowa ba ko sannu."