Dambun nawa ne, sunan na Malam

"Madam, ai wannan ba sana'ar mace ba ce."

Abin da ma'aikaciyar wani ofishi ta ce mini ke nan yau a Lyon, ta turo mini takarduna. Shaidar cewa sana'ata ta mace ce na je nema, don in samu gurbi a kicin ɗin da aka ware wa mata masu ƙananan sana'o'i. Shekara bakwai ina dambun nama da dubulan a gidanmu a Bron, kusa da Lyon.

Na miƙa mata hannuwana, duk tabon mai. Na ce, "Ni nake yi."

Ta ce, "Na yarda. Amma sunan mijinki ne a rajista."

Ba ta yi ƙarya ba. Ranar rajistar sana'ar, mijin nawa Malam ya ce in sa sunana, na ƙi. Kunya na ji a ce ga maigida a zaune, ni ce a gaba.

Na ce to a mayar da sunana. Ta ce zai yiwu, amma zan koma sabuwar shiga, gurbin kuwa na waɗanda suka daɗe ne.

Da na fito, tram biyu, jiragen ƙasan cikin gari, suka wuce ni ina zaune a tasha. Malam da ko albasa bai taɓa yankawa ba yana da shekara bakwai a sana'ata. Ni ko kwana ɗaya ba ni da shi.

'Yan uwa mata, wadda ta san mafita ta faɗa mini. Ni dai dabara ta ƙare mini.