Yafiyar da Hedimasta Ya Zo Nema da Turanci

Da na gama kwalejin horon malamai, wata firamare aka tura ni a wani ƙauye can bayan Nasarawa Burkullu, ƙasar Bukkuyum. Lokacin ba a daɗe da yanke mana jiha daga Sakkwato ba. Ni mutumin Anka ne, kuma ni kaɗai Inna ta haifa ya rayu. Ranar da zan tafi ta kama kunnena kamar wani ɗan yaye, ta ce, "Wanga aikin gwamnati ne, ba gonar ubanka ba. Kada ka kuskura ka baro wurin sai da izinin babba." Na ce to, Inna.

Babban kuwa shi ne Hedimasta, wani dogon mutumin Gummi mai tabarau wanda har yau ba na jin akwai magani a cikinsa. A bayan idonsa Ragowar Turawa muke kiransa. Mutumin nan da tuwon gero aka yaye shi kamar kowa, amma ya ɗauki Turanci ya ɗora wa kansa. Ya kafa doka cewa ba a neman komai a ofishinsa da Hausa. Ko alli kake so, sai da Turanci, kuma ba kowane iri ba, sai nasa na ladabi.

A cewarsa, Bature mai tarbiyya ba ya buɗe baki ya ce "ina son kaza" gatsau. Sai ya ja maganar baya, ya faɗe ta kamar abin da ya riga ya wuce: dā ina tunanin ko zai yiwu, dā na so in tambaya. Wai hakan ne ke ba wanda ake roƙo sararin ya ƙi ba tare da an ji kunya ba. In kuma nadama ce, sai a ƙara ja baya, a ce da ma na yi kaza. Ban ce ƙarya ya yi ba. Daga baya na ga haka abin yake, ni ma na koya wa yara shi shekara da shekaru. Abin da ya yi mini da shi ne ya tsaya mini a rai.

Daminata ta farko ce a garin, ranar kasuwa. Motar da ke shigowa ɗaya ce tal, wata tsohuwar a-kori-kura, kuma ranar kasuwa kaɗai take zuwa. Direbanta ɗan unguwarmu ne a Anka. Ina cikin aji da hantsi sai na gan shi tsaye bakin taga yana yafuto ni. Ya ce, "Malam, kawunka ya ce in gaya maka jikin Inna ya yi tsanani, tana ta kiranka. Ga hadari can yana haɗowa gabas, ni kuwa ba ni bari rafi ya cika ina wanga ƙetare. Yi maza, ina jiranka bakin kasuwa."

Na ajiye alli na ruga ofis. Hedimasta na zaune da malamai biyu suna duba jarrabawa. Ko sallamar kirki ban yi ba, na ce, "Ranka shi daɗe, Inna ce ba lafiya, mota na jirana."

Bai ɗago kai ba. Ya nuna kunnensa da biro, wai bai ji ba.

Na ce, "I want to go home, sir."

Nan ya ɗago. Ya cire tabarau, ya dubi malaman nan, ya yi wani murmushi irin na wanda aka kawo wa nama har gida. Ya ce, da Turanci, wai "want"? Ni ubansa ne da zan shigo in gaya masa abin da nake so? Wai wannan bakin zan koya wa 'ya'yan mutane? Ya ce in fita in sake shigowa.

Na fita na sake shigowa. Na sake faɗa, ya ce ban ja ta baya ba. Na kuma faɗa, ya ce na ja gaban na bar bayan. Wallahi na san jimlar nan, na sha faɗinta don neman alli da rajista, amma ranar kaina ya kulle, harshena ya yi nauyi. Kuma wani abu ya riƙa sukata a zuci. Uwata na can da ranta tana kirana, shi kuwa yana tilasta mini in yi maganarta kamar abin da ya wuce. Bakina ya ƙi.

Daga bakin kasuwa na ji hon. Na ce, "Ranka shi daɗe, don Allah don Annabi, motar ce."

Ya mayar da tabarau, ya ce in je in gyara maganata, in dawo in an tashi yara.

Mutane sun sha tambayata, me ya hana ka yi tafiyarka kawai? Sabon ɗauka ne ni, ba a tabbatar da ni ba, kuma mutumin nan ya taɓa sa an sallami wani malami kan ya je suna ba izini. Ga kuma jan kunnen Inna. Na ce a raina direba ɗan unguwa ne, zai ɗan ƙara haƙuri. Na koma aji na tsaya gaban allo, ban san abin da na koyar ba.

Ana kaɗa ƙararrawa na koma. Na tsaya ƙiƙam na ce, "I was wondering if I could go home, sir." Kai, ka ga fara'a! Har tafi ya yi mini. Ya ce yauwa, yanzu na yi magana irin ta mai ilimi, in tafi, Allah ya ba ta lafiya. Na isa bakin kasuwa ruwa ya riga ya sauko, babu mota sai sawun taya. Mai shayi ya ce direba ya jira har fasinja suka fara zaginsa. Na bi hanya da ƙafa cikin ruwan har bakin rafi, na tarar ya cika ya batse yana jan itatuwa. Wasu Fulani da ke wurin suka riƙe ni, suka ce in na shiga sai dai a tsinci gawata.

Washegari ruwa ya ja, na ƙetare, na yi ta tafiya har na samu mai keke ya kai ni bakin kwalta. Na shiga Anka bayan azahar. Tun daga nesa na hango tabarmi shimfiɗe a ƙofar gidanmu. Da asuba Inna ta cika, da hantsi aka kai ta.

Kawu, ƙanen Inna, shi ya ja ni cikin ɗakinta. Ya ce tun da direba ya tafi ta sa aka dama mini fura aka rufe da faifai, wai zan iso da yunwa. Duk motar da ta ji ƙararta sai ta ce, "Shi ne?" Ta hana a rufe ƙofa. Da direba ya dawo shi kaɗai aka rasa mai gaya mata, sai aka ce ina tafe. Ƙwaryar na nan gefen gado, furar ta yi tsami ta kumburo har ta ɗaga faifan. Na zauna na shanye ta tas, ina sha ina kuka, kawu na ƙoƙarin ƙwacewa.

Da na koma makaranta bayan addu'ar bakwai, Hedimasta ya yi mini gaisuwa da Turanci, mai tsari, babu kuskure ko ɗaya. Na juya na wuce ajina. Ƙarshen shekara na nemi canji aka dawo da ni Anka. Amma na riƙe Hedimasta a zuci. Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, na riƙe shi ƙam, in na ji an ambaci Gummi ma sai raina ya ɓaci. Na yi aure, na haifi 'ya na sa mata sunan Inna, wayar hannu ta shigo gari, duk abin nan bai sa ya ragu ba.

A wajenmu, wanda zai tafi aikin Hajji ba ya kama hanya sai ya zagaya dangi da abokan zama ya yi ban kwana, ya nemi yafiya. Kuma ba a yin ta a dunƙule ga wanda ka san ka cuta. Zuwa ake yi takanas, a faɗi laifin da baki, a ce ka yafe mini, shi kuma ya ce na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ba mai son ya je gaban Ka'aba da hakkin wani a wuyansa.

Wata rana bayan la'asar muna zaune ƙofar gida, ni da kawu da limamin unguwa da maƙwabta, sai ga ɗan kabu-kabu ya sauke wani tsoho. Ya rame, ya ranƙwafa, amma tabaran na nan. Nan take na gane Hedimasta ne, sannan wani daɗi ya taso mini wanda ban taɓa jin irinsa ba. Ya yi sallama, aka ba shi wuri. Na sa aka kawo masa ruwa da fura, don Inna ba ta koya mini hana baƙo ruwa ba. Ya ce ya yi ritaya, bana zai sauke farali, yau da dare ma iyalinsa suka tara mutane a Gummi don yi masa addu'ar ban kwana, shi ya sa yake sauri ya samu motar ƙarshe. Sai ya ce yana son ganina gefe.

Na ce, "Nan ma gefe ne, ranka shi daɗe. Waɗannan duk nawa ne."

Ya dubi mutanen, ya matso, ya rage murya, ya ce, "I wish I had let you go that day."

Ka ji fa! Shekara da shekaru, mutumin nan ya hawo mota tun daga Gummi, kuma abin da ya kawo mini ke nan. Da ma na bar ka ka tafi. Ya zaɓi Turanci don kada limami da kawu su ji abin da ya aikata, ya kuma zaɓi irin maganar da babu roƙo a cikinta, sai buri, kamar mai cewa da ma an yi ruwa jiya. Na nuna kunnena da yatsa.

Ya sake faɗa da ɗan ƙarfi. Na ce, "Nan gidan ba a neman komai da Turanci. Doka ce. Ka fita ka sake shigowa."

Liman ya ce, "Subhanallahi, Malam, dattijo ne fa."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ni ma ɗan wata dattijuwa ne."

Kawu ya dubi tsohon da kyau. Ya gane ko wane ne, ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Tsohon nan ya miƙe da ƙyar, ya taka har bakin hanya, ya dawo ya yi sallama. Ya ce, "Abin da ya faru shekarun baya, in an yi kuskure, a yi haƙuri."

Na ce, "Wa ya yi kuskuren? Ba ka gyara ba. Sake."

Daga tasha aka fara jin yaran mota suna kiran Gummi, Gummi, saura mutum ɗaya. Na ga ya waiga. Na san abin da yake ji, don na taɓa jin irinsa, kuma wallahi ban ji tausayinsa ba ko ƙwayar gero. Ya ce, "Ɗana, motar ce." Na ce na ji ta, ai ba kurma ba ne ni.

Can ya cire tabarau ya sa aljihu, ya durƙusa bisa tabarma gaban kowa. Da ya buɗe baki sai ga Hausar Gummi tsantsa, irin wadda ban taɓa sanin yana da ita ba. Ya ce, "Ni na tsare ka. Na san mota na jiranka, na ji hon da kunnena, na hana ka tahiya don in gwada ma malammai ni babba ne. Uwarka ta rasu ba ka gan ta ba, ni na ja. Don girman Allah ka yahe min."

Aka ji tashin motar Gummi, ta bi ta bayan gidajen ta wuce. Liman ya dube ni, maƙwabta suka dube ni. Kawu ya ɗago ya ce, "To, ya faɗa. Sauran naka."

Na bar shi durƙushe har sai da na ga ya gaji da durƙuson. Sannan na ce, "Nawa na yafe, duniya da lahira, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ya fara hamdala zai miƙe, na ce, "Dakata. Ba ni kaɗai ka tsare ba ranar nan. Akwai wadda ta kwana da ƙofa buɗe tana tambaya ko ni ne. Hakkinta ba ya hannuna, ban isa in yafe shi ba. Tana nan maƙabartar bayan gari, ka je ka nema wurinta. Sai dai ka sani, Inna ba ta jin Turanci."

A zaurena ya kwana, don babu sauran mota, aka yi addu'ar Gummi babu shi. Na aika masa tuwo, aka dawo da shi bai taɓa ba. Da gari ya waye na tarar da tabarmar a naɗe jingine da bango. Kawu ya ce bayan sallar asuba tsohon ya roƙe shi ya nuna masa kabarin, ya kai shi, ya baro shi can tsugune, tabarau a hannu. Ban bi su ba, ban kuma tambayi kawu abin da ya ji yana faɗa ba.