Shekarar da shanu suka kwana a lambun Gwaggo Rifkatu

Shekara goma sha bakwai ke nan da muka binne Gwaggo Rifkatu, yayar mahaifina, a Rikoto. Har yau in ruwan farko ya sauka a Zuru, ƙasa ta tashi da ƙamshinta, ita nake fara tunawa.

Matar soja ce. Ta bi mijinta bariki bariki, daga Kaduna zuwa Inugu, daga can zuwa Jos, kuma duk inda suka zauna sai ta taho da reshe ko iri a ƙulle cikin gefen zani. Da mijin ya rasu ta dawo gida, ta zagaye filin bayan ɗakinta da dangar kara, ta dasa abin da ta tara. Akwai lalle, akwai albasar kwaɗi da ta haƙo daga fadama, akwai gatarin kurege da ta samo a kan dutse, da wani mai ƙaya mai hawa katanga wanda furensa kamar takarda. A tsakiya kuma akwai wardi guda ɗaya, wanda mijinta ya kawo mata da hannunsa a Jos. Ƙasar wurin tsakuwa ce. Da kanta take ɗauko taki a kwando, duk da gwiwarta na ciwo.

Abin ya faru a shekarun da wayar salula ta fara shigowa garinmu, lokacin ina koyarwa a firamare. Ranar Lahadi ce a ƙarshen bazara, zafi ya kai maƙura, ciyawa ta ƙare ko'ina. Muna coci aka zo aka raɗa mana cewa shanu sun shiga lambun Gwaggo. Kafin mu iso sun kayar da danga, sun cinye duk wani kore, sun tattake sauran. Mai shanun, wani Bafulatani mai suna Sambo, yana tsaye yana haki. Garken ne ya ji ƙamshin ɗanyen ganye ya ƙwace masa.

Ɗanta Istifanus, shi ma soja, yana gida hutu. Nan da nan samarin unguwa suka taru da sanduna, suka tsare hanya. Na ga wasu 'yan uwan Sambo su ma suna gangarowa daga tudu, su ma ba hannu sake ba. Na san irin wannan ranar. Daga ƙaramin abu irin wannan ake wayar gari ana ƙirga gawa.

Gwaggo ba ta dubi kowa ba. Ta wuce tsakiyar lambu, ta durƙusa inda wardin yake, ta ɗago saiwarsa da kofato ya tumɓuke. Ta yi kuka sosai, irin wanda ban ga ta yi ba tun rasuwar mijinta. Sannan ta share fuska da mayafi ta miƙe.

"Istifanus, ajiye wannan sandar."

"Mama, dubi abin da suka yi miki!"

"Na gani. Ni aka yi wa. Na zauna a bariki lokacin yaƙi, na san yadda ake farawa. Ba a ƙofata ba."

Ta juya wajen Sambo. Ya tuɓe malfarsa ya ce, "Inna, mi za ni cewa? Laihina ne. Abin da kika yanke, shi ke nan."

"Ka dawo da su," in ji ta.

Muka ɗauka ba mu ji daidai ba. Ta maimaita. Ta ce su yi kiwonsu da rana, da yamma ya kawo su su kwana a filin, har ruwa ya sauka. "Sun ci nawa, sai su bar mini nasu. Na gaji da ɗaukar taki a ka."

Wani daga cikin samarin ya fashe da dariya, sai sandunan suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Istifanus ya koma bariki bai huce ba. Ni kaina na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ta, don duk wanda ya leƙa filin a makonnin nan ba ya ganin komai sai kashin shanu da ƙudaje. Maƙwabta suka yi ta ƙorafin wari. Ita kuwa kullum da safe tana bakin ƙofa, ita da matar Sambo suna musayar nono da ƙosai.

Ruwa ya sauka, shanu suka tafi. Sambo da 'yan uwansa suka zo suka tayar da danga, suka sassauta ƙasar da fartanya. Aka yi ruwa na biyu, na uku. A farkon watan Yuni, ina shirin tafiya makaranta, Gwaggo ta aiko in zo.

Na sha ƙoƙarin gaya wa 'ya'yana abin da na gani, kuma kullum bakina yana gazawa. Albasar kwaɗi da ke kwance ƙarƙashin ƙasa ta ɓullo gaba ɗaya, fari da ratsin ja, kowane fure ya kai tafin hannu. Mai ƙayar nan da shanu suka gwaigwaye har gindi ya yi sabon toho ya rufe katanga, ja wur, har ba a ganin tubali. Gatarin kurege ya nannaɗe danga kamar harshen wuta. Ga wasu ƙananan furanni, rawaya da shuɗi, da ita kanta ba ta san su ba, ta ce wataƙila a cikin shanun irinsu ya zo daga daji. Ƙamshin lalle ya kai har bakin titi. Ƙudan zuma na ta ƙugi kamar ana taron addu'a. Na tsaya da littattafai a hannu, na manta da aji na jirana.

Masu baburan haya, 'yan kabu-kabu, suna rage gudu in sun zo wucewa. Mata daga Manga da suka zo cin kasuwa suka sauke kaya suka leƙa. Da hantsi Sambo ya iso da matarsa. Ya tuɓe takalmi a bakin danga, ba wanda ya ce ya tuɓe. Ya dubi furannin, sannan ya ce a hankali, "Tabarakallahu. Inna, wanga duk a ƙarƙashin ƙahwahun shanuna yake?"

"Yana nan," in ji Gwaggo. "Allah ne ya ajiye shi."

Wardin kaɗai bai dawo ba. Ba ta dasa wani a gurbinsa ba har ta rasu, kuma ba ta taɓa ambatarsa a gaban Sambo ba.

Ina yawan tambayar kaina me za ta ce da ta ga yau. Hanyar Sakaba da muke bi ba fargaba, yanzu sai an tambayi labari kafin a kama ta. Mutanen da suka yi shekaru suna gaisawa sun koma kallon juna da gefen ido. Ba zan ce kwanan shanu a lambu zai warkar da wannan ba. Ita ma ba ta da wannan ruɗin, mace ce mai kaifin baki da ta san mugunta in ta gan ta. Amma na tabbata za ta fara tambayar wane ne a gabanta kafin ta tambayi ƙabilarsa.

Lambun babu shi yanzu. Bayan rasuwarta an gina ɗakunan haya a wurin, an malale tsakar gida da siminti. Istifanus ya yi ritaya, kuma shi ake kira yanzu in rigimar gona ta tashi a unguwa, don an san ba ya barin a ɗaga sanda.

Bara na haɗu da Sambo a kasuwar Zuru. Ya tsufa, shanunsa sun ragu, ya ce sun yi ƙaura sau da dama. Ya riƙe hannuna ya tambaye ni ko furannin Inna na fitowa har yanzu. Na so in yi masa ƙarya, na kasa. Na gaya masa gaskiya.

Ya gyara sandarsa a kafaɗa. "To," ya ce. "Ni dai na gani. Ni da kai mun gani."