Hancin Ya Gana

Duk wanda ya taɓa shan farfesun kayan ciki a Azare cikin shekara ashirin da shidan nan, da wuya a ce hannun Ya Gana bai riga bakinsa taɓa naman ba. Ita ce mai wanke tumbi da hanji a bayan kwata. Mahauta su yanka, su feɗe, su kwashe tsoka da hanta su yi gaba, sai a turo mata abin da ya rage a baro: tumbin sa cike da ciyawar jiya da ta fara ruɓa, da hanji mai santsi wanda ake ta ja ba ya ƙarewa. Ta tsaga, ta zazzage, ta juya hanji cikinsa ya koma waje, ta kankare da ruwan zafi, ƙudaje sun yi mata rawani. Su kuma masu shan farfesun, masu suɗe yatsu har wuyan hannu, su ne idan ta shigo keke napep suke kau da kai suna toshe hanci. Wannan hali na mutanenmu ya fi abin da ke cikin tumbin ban ƙyama.

Babarbariya ce, daga gidan da ake haɗa humra da turaren wuta, gidan da ko tsumman goge ƙafa sai an turara shi. Ba ta taso da niyyar wannan aiki ba. Mijinta Gali mahauci ne, ya rasu ya bar ta da maza biyu da autarta Zainabu tana wata huɗu a baya, sai sarkin fawa ya tausaya ya ba ta wuri cikin mata masu wanki. Ranar farko sau uku ta yi amai. Wata tsohuwa da ta ga jiya a wurin ta ja ta gefe ta ba ta sirrin sana'ar duka a magana ɗaya: ta manta Allah ya yi mata hanci, ta riƙa numfashi da baki.

Ta kuwa manta. Tun tana yi a kwata kaɗai har ya bi ta gida, ya bi ta kan sallaya, ya bi ta barci. Kullum bakinta a ɗan buɗe, leɓe a bushe. Kuma da yake bakin a buɗe yake, magana ba ta shan wahalar fita. Ya Gana ta yi suna wajen faɗa. Mahauci ya turo baro a karkace, ta wanke shi tas kamar yadda take wanke hanji. Maƙwabta sun san in ta fara, sai dai a janye yara a rufe ƙofa.

Zainabu ce hasken idonta. Ta yi karatu har ta zama malamar makaranta, ta auri wani malami mai suna Abbas a Misau. Da cikin fari ya tsufa, Ya Gana ta fara shiri, don kowa ya sani haihuwar fari gida ake zuwa wanka, uwa ce ke dafa ruwa ta gasa 'yarta kwana arba'in. Ta tara itace har ya kusa kai katanga, ta aro babbar tukunya, ta sayi kanwa da gero, ta shaida wa matan kwata su nemi mai riƙe mata wuri wata biyu. Abin da take jira ke nan tun ranar ɗaurin aure.

Sai Zainabu ta bugo waya ta ce Katagum za ta je, wajen Gwaggo Dijatu, ƙanwar mahaifinta. Wai can akwai ɗakuna, wai akwai rijiyar burtsatse a ƙofar gida. Ya Gana ta ce Katagum, garin da ƙarnin kifi ke tarbar baƙo tun daga tasha, shi ya fi ɗakin uwarta? Ta zazzaga mata abin da ya sawwaƙa, har da cewa boko ya sa ta raina nonon da ta sha. Zainabu ta kashe wayar. Washegari da hantsi Ya Gana ta sunkuya za ta ɗaga tumbi, duniya ta juya mata, ta zube zaune daɓas cikin abin da ta zazzage.

A asibiti aka ce hawan jini ne, kuma ya hau inda ba a wasa da shi. Aka riƙe ta kwana huɗu. Mai kula da ita wata nas ce 'yar kudancin Bauchi, Sista Kezia, mace marar gaggawa, wadda zagi ba ya kama ta. Ta ba ta ƙwayoyi, ta ce kada ta kuskura ta daina sha. Sannan ta ce akwai wani abu da ita kanta take yi kowace safiya kafin addu'a: mutum ya zauna minti goma, ya bar komai, ya bi numfashinsa da hankali, yadda yake shiga da yadda yake fita.

Ya Gana ta ce wannan ai aikin marasa aikin yi ne, ita tana da sallarta da carbinta. Kezia ta ce ta ga sallar, kamar wadda mota za ta tashi ta bari, carbin kuwa yatsu ne ke ja, zuciya tana Katagum tana dambe. Ta ce ta idar da salla tukuna, ta zauna ta natsu, sannan ta ɗauki carbin ta ji bambanci. Ta fito da ita ƙarƙashin darbejiya a bayan ɗakin mata, ta zaunar da ita a tabarma.

"Mama, rufe bakin. Da hanci za ki ja."

"Ni ba na numfashi da hanci."

"To me kike yi da shi?"

"Ado ne," in ji Ya Gana.

Da ƙyar hancin ya buɗu, kamar ƙofar ɗakin da aka daɗe ba a shiga ba. Ja biyu, sai tunani ya kwashe ta: abin da za ta gaya wa Dijatu, abin da ya kamata ta ƙara wa Zainabu. Kezia ta ce ba laifi, tunani kamar kaji ne a tsakar gida, ta gan su, kada ta tashi bin su, ta dawo kan numfashi. A rana ta uku ta ji ɗacin ganyen darbejiya a iska, ta ji ƙamshin ƙosai daga bakin titi. Ta yi mamaki ƙwarai, kuma ta ji daɗi, ko da yake ba ta faɗa ba.

Da aka sallame ta, ta sauka a ƙofar gidanta da azahar, baki a rufe, tana ta ja da hanci kamar yaro da sabon takalmi. Tun a zaure abin ya mare ta. Wari ne mai kauri, na tsohon jini da kitse da ruɓaɓɓiyar ciyawa, ya kama bango, ya kama labule, ya kama katifa. Ta ɗaga filo, shi ne. Ta buɗe kwanon tuwo wankakke, shi ne. Ta buɗe akwatin da ta ajiye atamfar suna da kayan jariri, nan ma ya riga ta shiga. Mafi muni, turaren wutar da take sawa kowace yamma bai kore shi ba, hawa kansa kawai ya yi, kamar an fesa humra a kan mushe. Ta kai hannunta hanci, ta fita da gudu bakin kwatami ta yi amai irin na ranar farko.

Gwano ba ya jin warin jikinsa, haka ne. Amma gwano ba shi da maƙwabta. Shekara ashirin da shida ana gaisawa da ita, ana karɓar ɗan hanjin da take rabawa, ba a sami mai tsoron Allah ɗaya da zai ja ta gefe ba. Ta zauna a bakin kwatamin abubuwa suna dawo mata. Zainabu tana 'yar firamare, kullum a gidan maƙwabta take shanya kayan makarantarta, ta sha duka a kan haka. Dangin Abbas da suka zo gaisuwa a tsaye suka sha ruwa, suka ce sun ƙoshi, ita kuma ta yi wata guda tana zaginsu da girman kai. Ƙyamar kanta ta kama ta, ta ji da fata riga ce da ta tuɓe ta yar.

Ta koma asibiti takanas don ta ci mutuncin Kezia. Ta ce ta cuce ta, da tana zaune lafiya. Kezia ta ɗaura mata abin awo a dantse ta ce, "Mama, ba ni na kai warin nan gidanki ba. Yana nan tuntuni." Ta ce in ta ga dama ta koma numfashi da baki, ba mai hana ta.

Ta gwada komawa, ya ƙi. Abin da ka riga ka sani ba ya komawa rashin sani. Sai ta ci gaba da zama bayan sallar asuba, cikin warin, tana ja tana saki, zuciya na tashi tana kwantawa. A zaman ne ta gane fushin da take ji a ƙirji ba shi ne a ƙasa ba. A ƙarƙashinsa kunya ce, da tsoron kada 'yarta ta tafi ke nan. Sau biyu ta ɗauki waya za ta yi faɗa, ta ja numfashi goma, ta ajiye.

Zainabu ta haifi namiji ranar Talata. Ya Gana ta yi kwana uku tana dirzar jikinta da toka da lemon tsami da sabulun salo har fata ta yi ja. Ta sayi sabon zane ta kai gidan maƙwabta, a can ta yi wanka ta ɗaura, ba ta sake shiga ɗakinta ba ta wuce tasha. Itacen da tukunyar ta bar su inda suke.

A Katagum Dijatu ta tarbe ta da fara'ar da ta yi yawa. Zainabu na zaune a bakin gado, ta gaishe ta ido a ƙasa, jiki a ɗari, tana jiran saukar faɗa. Ya Gana ta ce a ba ta maigidanta ta gani. Aka miƙa mata shi cikin farin shawul. Ta sunkuya ta shaƙi tsakar kansa, ƙamshin nono da ɗumi. Ta goyi Zainabu shekara biyu a bayanta, amma ba ta iya tuna ƙamshin kan 'yar tata ba. Ta daɗe a haka kafin ta mayar.

Zainabu ta karɓe shi ta juya baya kamar mai gyara shimfiɗa. Ta kai hanci kan shawul ɗin a sace, ta zare shi a hankali ta tura ƙarƙashin filo. Ya Gana ta gani. Zafi ya taso mata daga ciki har kunne, maganganu suka yi layi a bakinta, kowace da kaifinta. Ta rufe bakin. Ta ja, ta saki. Ta sake ja.

"Ba sai kin ɓoye ba, Zainabu," ta ce. "Ni ma yanzu ina jinsa."

Zainabu ta tsaya cak, ba ta juyo ba. "Tun yaushe, Iya?"

"Kwana ashirin."

"Ni tun ina aji biyu ake min waƙa da shi," in ji Zainabu. "Na rasa yadda zan gaya miki."

Daga tsakar gida Dijatu ta ce ruwan yamma ya tafasa, mai jego ta fito. Zainabu ta share ido da bayan hannu, ta kwantar da yaron, ta ɗauki zanen wanka. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Iya, hannun Gwaggo ba ƙarfi. Ki zo ke ki yi min."