Ƙahon da Na Kafa wa Kawuna

Akwai abin da ya faru da ni a bakin sana'ata wanda ba na jin zai fita daga raina har in koma ga Allah. Ni wanzami ne, gado na yi, kuma a Matameye duk ranar kasuwa ina da rumfata. A lokacin ina ji da kaina ƙwarai, gani nake ba ciwon da ya gagari ƙahona.

Wata ranar kasuwa bayan girbi, ƙanen mahaifiyata ya zo daga wajen Kurni. Manomi ne mai ƙarfi, amma ranar sai da ya huta sau biyu tsakanin tasha da rumfa. Ya ce jiri yake gani, harshensa ba ya son yaji, tafin ƙafarsa kuma kamar ba nasa ba, takalmi kan fita bai sani ba.

"Kawu, mataccen jini ne ya taru," na ce masa, tun bai rufe baki ba. "Tuɓe riga."

Na kafa masa ƙaho huɗu a baya, na tsaga, na zuƙe. Da jinin ya daskare na nuna masa, na ce ga cutar nan ta fito. Ya sa mini albarka ya tafi. Sai da muka yi haka kasuwa shida, kullum yana dawowa ya fi da lalacewa, ni kuma ina cewa saura ne bai gama fita ba. A ta bakwai ina cire ƙaho na biyu ya sulale ƙasa.

A gidan likita na garinmu, ma'aikacin jinya ya ja fatar idonsa ta ƙasa, sai ga cikin fari fat. Ya tura mu Damagaram. Can aka auna jininsa, wata likita ta ɗaga rigarsa ta ga tsaga layi-layi.

"Wa ya yi masa wannan?"

"Ni ne, Hajiya. Kawuna ne."

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce jikin mutum kullum ƙera sabon jini yake, kuma yana bukatar wani bitamin da ake kira B12, wanda ke cikin nama da nono da ƙwai. Cikin kawu ya daina ɗaukarsa daga abinci, sai ƙirar jinin ta ja baya. Rashinsa kuma yana cin jijiyoyin ƙafa a hankali. Wato mutum na fama da ƙarancin jini, ni ina ɗibar ɗan abin da ya rage. Kunya ta rufe ni, na kasa ɗaga kai.

Aka ƙara masa jini, aka fara yi masa allurar bitamin ɗin, wadda aka ce zai riƙa yi har ƙarshen rayuwarsa. Jirin ya tafi, ya koma cin tuwonsa da yaji. Ƙafafun ne ba su dawo ba. Likitar ta ce da ya zo da wuri, wataƙila da an cece su. Damina ta sauka yana zaune a gindin bishiya da sanda, yana kallon wasu suna noma masa gonarsa. Ko sau ɗaya bai taɓa tayar mini da maganar ba, in na je gaishe shi ma ni ne yake miƙa wa kai in yi masa aski.

Ban bar ƙaho ba, sana'ar ubana ce. Amma na koyi faɗin "ban sani ba, tafi likita", maganar da a da nake ganin faɗarta zubar da girma ne. Rashin faɗarta kasuwa shida ne ya raba kawuna da gonarsa.