Madubi Mai Hoton Talo-talo

Bayan yaƙin Kuwait ne, shekarar da muka ɓamɓare salatif ɗin da muka liƙe tagogi da shi. Muna unguwar Ruwais a Jidda tukuna, ba mu koma unguwar Madain Fahd ba. 'Yata ta biyu tana ɗauke da cikin fari, ni kuma ina dama fura ina sayar wa mutanenmu masu aikin gini. Kada a tambaye ni lissafin shekara, ban riƙe ba. Abin da na riƙe shi ne a shekarar nan Alhaji, maigidana, ya kusa zautar da ni a kan madubin bindiga, irin na hangen nesa.

Alhaji ɗan maharba ne. Ubansa ne Sarkin Bakan garinmu, can ƙasar Damagaram, da ya rasu wan Alhaji ya gaje shi. Mu kuwa tun da ƙuruciyarmu muka zo Jidda, ya samu gadin wani bene, ya zauna a kan kujera a bakin ƙofa har gashinsa ya yi fari bai harbi ko ƙadangare ba. Sai wan nasa ya rasu. Bayan an yi sadakar arba'in wani mai zuwa Umra ya kawo mana kaset daga ƙanen Alhaji. Muka sa muka saurara. Wai maharba sun zauna sun ce sarautar ta Alhaji ce, amma sai ya zo farautar zabbi da rani ya harba da bindigar ubansa mai baki biyu a gabansu. In bai zo ba, ko ya zo ya kuskure, ɗan baffansu zai ɗauka. Shi kuwa ɗan baffan nan tun suna yara ba sa ga maciji.

Alhaji ya taɓa ganin madubi a kan bindigar kafilinsa, Balaraben da yake aiki a ƙarƙashinsa, ranar da yake sauke masa kaya daga mota bayan ya dawo daga sahara. Shi ke nan ya ƙulla a ransa. Ya ce in shirya mu je kantunan unguwar Sharafiyya. Kada a ɗauka don yana son rakiyata ne. Larabcina ya fi nasa nesa ba kusa ba, kuma babu ɗan kasuwar da ya taɓa cin ribar banza a kaina. Amma tun a bakin ƙofa ya kafa mini sharaɗi.

"Hajiya, ki yi magana da baki kawai. Mace ba ta taɓa kayan harbi, kin sani. In kika taɓa, hannun maharbi ya karye."

Na ce na ji. Al'adarsu ce, na tarar da ita a gidansu, ko tsallake jakar harsashi ba ma yi.

Kantin farko na masu sayar da tanti da kayan fita sahara ne. Aka fito masa da madubi, su darbil suke ce masa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kanne ido ɗaya, ya daɗe, ya sauke.

"Wannan akwai hayaƙi a ciki."

Mai kanti ya goge da ƙyalle ya miƙo. Hayaƙi. Ya kawo wani sabo fil a leda. Hayaƙi. Muka fita. Kanti na biyu, dishi-dishi. Na uku, wai Larabawa suna ɓoye masu kyau suna ba baƙar fata na banza. Ni ce mai fassara, sai in juya zagin in mai da shi godiya. Haka muka yi Juma'a bayan Juma'a, ga zafi, ga abaya, ga ƙafata mai ciwo, fura tana tsami a gida.

Ni fa na san inda hayaƙin yake. Mutumin da yake zuba shayi a gefen kofi. Mutumin da na gani da idona ya yi wa tukunyar gas sallama a bakin bene, ya tsaya yana jiran amsa. Na taɓa ce masa a ɗaki, mu biyu, ko za a je mustashfa, asibiti ke nan, a duba idon. Ya ce idon gidansu ba ya mutuwa kafin mai shi, ubansa yana da jikoki ya harbo shirwa tana sama.

Ranar da abin ya ƙare mun shiga kantin wani tsoho Bahadarame, Balaraben Yaman, mai haƙuri kamar ba ɗan kasuwa ba. Ya tambaya wace irin bindiga ce. Alhaji ya zaro igiya daga aljihu, wadda ƙanensa ya auno bindigar da ita ya aiko tare da kaset, ƙulli ɗaya tsawo, ƙulli ɗaya kauri. Tsohon ya dubi igiya ya dube ni. Na ce masa mai baki biyu ce, mai watsa harsashi. Alhaji ya nuna wani madubi mai tsawon rabin taɓarya ya ce shi yake so. Tsohon ya ce a'a, ya hajji, wannan na harbin nesa ne, in ka ɗora shi a kan mai baki biyu zabuwa za ta tashi kana nemanta a ciki, kuma in bindiga ta yi harbi baya sai ya fasa maka gira. Ya hau tsani ya sauko da ɗan gajere a kwali, ya ce ga na tsuntsu, na kusa.

A jikin kwalin akwai hoton talo-talo, ya baza wutsiya.

Na ce, "Ya ammi, wannan fa?"

Ya ce a ƙasar da aka ƙera shi, farautarsa suke yi a daji.

Dariya ta kuɓuce mini. Talo-talon da muke kora daga bakin turmi da zane? Na ce wa Alhaji, "Ka ji mutanen da suka raina kansu. Sai an sa madubi kafin a sami wannan uban ƙato."

Bai yi dariya ba. Ya fita bakin ƙofa ya kanne ido, ya juya nan ya juya can.

"Shi ma hayaƙi. Yalla, mu tafi."

Ban san sanda hannuna ya tafi ba. Ƙarya nake, na sani sarai. Na karɓe madubin na ɗaga niƙabi na ɗora a idona.

"Hajiya! Hajiya, me kika yi?"

Na ce, "Ga tankin ruwa a saman bene can. Ga tattabaru biyu a kai, ɗaya fara ɗaya mai wuya kore. Ga shanya, har da wandon yaro mai faci a gwiwa. Alhaji, tas yake kamar ruwan Zamzam. Na farko ma na tabbata tas yake. Ka bar wahalar da bayin Allah."

Da Hausa na faɗa, don kada tsohon ya ji. Amma ya juya yana gyara kwalayen da ba su karkace ba.

Alhaji ya ce tunda na taɓa, madubin ya mutu, kuma ba zai bar wa wani maharbi ya saya ya cutu ba. Ya saya, babu ko tayi. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, ina tsaye da bakina aka biya yadda aka faɗa.

Ya daina cin tuwona. Yana zuwa ya ci ful da tamis, wake da gurasa ke nan, a wurin 'yan Yaman, ya dawo ya juya mini baya. In ina magana sai ya ƙara muryar rediyo. Na ce halas, shi ke nan, ni dai na faɗa. Har wata safiya ina tankaɗe, ya tsaya a kaina, bai kira sunana ba.

"Tattabarun nan. Da gaske kin ga launin wuyanta?"

"Na gani."

"Daga inda muke tsaye?"

"Daga nan."

Sannan ya ce wai mijin 'yarmu ya dame shi da maganar wani likita, zai je don kada yaron ya ji kunya. Mijin 'yar nan bai san zancen ba sai da na aika masa. Suka ɗauki iƙama, takardar zama, suka tafi, aka ce yanar ido ce a duka biyun, aka yi masa aikin na dama, na harbin. Ranar da aka cire auduga abin da ya fara cewa shi ne ashe bangon ɗakin nan ya yi datti haka, me nake yi a gidan.

Da rani ya tafi gida shi kaɗai, da madubin a cikin jaka, wanda ya ce ya mutu. Ƙanensa ne ya ba ni labari daga baya. Bindigar ba ta da wurin ɗora madubi, sai maƙeri ya ɗaure shi da robar tayar keke, ya karkace yana kallon gabas. Alhaji bai ko leƙa cikinsa ba. Zabbi suka tashi, ya ɗaga, ya saki baki biyun, suka zubo. Aka naɗa shi a ranar.

Ya rayu shekaru bayan haka, rabi a can rabi a nan, kuma duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ji labarin madubin Saudiyya da yadda ya zagaye Sharafiyya kaf kafin ya zaɓo shi da kansa. Likita bai shiga labarin ba. Ni kuwa ina shigowa ne a wurin da ake cewa Hajiya, kawo wa baƙi ruwa.

Allah ya ji ƙansa. Ƙanensa ya bi shi, mijin 'yar tawa ma ya rasu bayan ruwan da ya ci unguwannin Jidda. A cikin waɗanda suka san zancen nan saura ni, sai 'yata, sai ɗan baffan nan da ya rasa sarauta. Yana can da ransa, ya kurumce, har yau yana gaya wa mutane da inji aka cuce shi.