Miyar Riɗi da Abokin Ɗakina

Lokacin kullen korona ina aikin gadi a wani bene a unguwar Al-Sadd, a ƙasar Larabawa. A hawa na huɗu akwai wata dattijuwa 'yar Japan, malamar jami'a, ni nake kai mata cefane bakin ƙofa. Wata rana ta ga riɗi a hannuna, wanda mahaifiyata ta aiko mini daga Gumel kafin a tsayar da jirage. Ta tsaya daga nesa da takunkuminta, ta koya mini miyar da suke yi da shi a ƙasarsu.

A soya riɗin a busasshen kasko har ya fara tsalle, a daka shi da zafinsa sai ya fitar da mai, a zuba ruwan waken soya mai gishiri da ruwan khal mai tsami da sukari kaɗan. Su suna ƙara wani ruwan shinkafa mai giya, ni kuwa na sa zuma. Sau huɗu ina ƙona riɗin kafin hannuna ya faɗa.

Abokin ɗakina direba ne, Bazazzagi, shekara uku muna ci a kwano ɗaya. Ya dangwali miyar da gasasshiyar kaza, sannan ya ce, "Mutumina, in gasar kofin duniya ta zo ƙasar nan, ni da kai za mu kafa rumfa." Muka tafa. Na faɗa masa awon komai, yana rubutawa a waya.

Da gasar ta ƙarato sai ya dawo yana girgiza kai. "Khalas, shi ke nan, kafil ya hana." Kafil shi ne ubangidan da ya kawo mutum aiki ƙasar, ba a yin sana'a sai da izininsa. Na yarda, har ni nake ba shi haƙuri.

Wata Juma'a ina hutu na sauka daga jirgin ƙasa a tashar Mushairib, garin ya cika da baƙi da tutoci. Ƙamshi ne ya tsayar da ni gaban wata rumfa mai dogon layi. Abokin ɗakina ne a ciki, da wani Balarabe, yana zuba miyar a kan kaza, yana gaya wa wani Bature cewa girkin kakarsa ne.

Na bi layi har na iso gabansa.

"Ashe kafil ya yarda?" na ce.

Bai ɗago ba. "Haba mutumina, riɗi ne fa, ba wahayi ba."

Ya miƙo mini faranti. Na bar hannunsa a miƙe, na juya.

A makon na nemi canjin ɗaki. Kamfani ya mayar da ni gadi a filin jirgi. Abokin nawa ya kira ni sau biyu, ban ɗauka ba, bai sake kira ba.